Ga ƙannena masu fita anketi: kada ku cika takarda a gindin bishiya

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata, musamman ku da kuka gama jami'a ko kuke dab da gamawa, kuna yawo da dosiye kuna jiran wani furoje ya kira ku aikin anketi, wato bin ƙauyuka da gidaje ana tambayar mutane ana cika takarda.

Daren jiya a fadarmu nan Tawa, ana kan shayi na biyu, wani ƙanena ɗalibi ya ce mani: "Yaya, ni fa so nake sunana ya fito. Ta yaya mutum ke zama babban mai bincike, har a riƙa gayyatarsa taro ƙasashen waje?" Buri ne mai kyau, ban raina shi ba. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, yaron nan da bakinsa ya taɓa ba mu labari cewa a anketin da ya fita bara, rabin takardun a gindin bishiya ya cika su, wai rana ta yi zafi, ƙauyen kuma da nisa. Ya faɗa yana dariya, 'yan fada suka taya shi. Ni na kasa dariya.

Bari in ba ku tarihin karatun wani mutum. Sunansa Ransom Myers, an haife shi a 1952 a jihar Misisifi ta Amurka, ɗan manomin auduga. Bai tashi a bakin teku ba, kamar yadda mu ma ba mu tashi ba. Digirinsa na farko a kimiyyar fiziks ya yi shi, ya je ya yi aikin rijiyoyin mai a Kuwait, daga baya ya shiga Jami'ar Dalhousie a Kanada ya yi masta a lissafi, ya yi dokta a ilimin halittu. Sannan ya kama aiki da ma'aikatar kamun kifi ta Kanada a tsibirin Newfoundland. Aikinsa ba na ɗaukar ido ba ne: tattara alkaluma, na wannan shekara da na waccan, na wannan teku da na wancan, ya jera su ya duba me suke cewa.

A gaɓar tsibirin akwai wani kifi da ake kira kod, wanda mutane suka shafe kusan shekara 500 suna ci da shi. A 1968 kaɗai an kwashe tan kusan dubu 800. Ranar 2 ga Yulin 1992 gwamnati ta hana kama shi, saboda ya kusa ƙarewa. Mutum wajen dubu 30 suka wayi gari ba sana'a. An ce hanin na shekara biyu ne. Sai a 2024 aka ɗage shi, bayan shekara 32.

Yanzu ku tambayi kanku: ƙasa mai jiragen bincike da manyan masana, ta yaya kifi ya ƙare a gabanta ba ta farga ba? A nan nake so ku natsu. Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne an ba abin da manyan jiragen kasuwa ke kamowa muhimmanci fiye da kima wajen ƙiyasta yawan kifin da ya rage. Ana ganin tarunsu na fitowa cike, sai a ce ai kifi na nan. Alhali kifin da ya rage taruwa yake wuri guda, jiragen kuma suna da na'urar gano inda yake. Duk wanda ya san tafkin Tabalak ya san wannan ba sai an yi masa bayani ba. In bazara ta yi, ruwa ya ja baya, tarwaɗa da ƙarfasa su matsu a ɗan abin da ya saura, masunci ya jefa birgi ya fito da shi da nauyi. Baƙon da ya zo ranar zai ce kifi ya yi albarka bana, alhali tafkin ne ke ƙafewa. Ƙananan masunta na gaɓar Newfoundland sun yi ta kuka tun shekarun 1980 cewa kifi na raguwa, wanda ake samu ma ƙanana ne, ba a ba maganarsu muhimmanci ba.

Bayan abin ya faru, aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi: wasu suka ce sanyin ruwa ne, wasu suka ce dabbobin teku ne suka cinye. Myers da abokin aikinsa Jeffrey Hutchings suka koma kan alkaluma, suka wallafa a 1994 cewa kamun da ya wuce kima ne ya kashe kifin. Maganar ba ta yi wa manyansa daɗi ba, har aka ja masa kunne a wurin aiki. A 1997 ya koma Dalhousie yana koyarwa. A 2003 shi da Boris Worm suka fitar da bincike a mujallar Nature cewa manyan kifayen teku masu cin 'yan uwansu sun ragu da kusan kashi 90 cikin 100 tun da aka fara kamun manyan jirage. Wasu masana, musamman masu nazarin kifin tuna, sun ce lissafin ya yi tsauri, aka yi ta muhawara a rubuce. Wannan ma cikin tarihinsa yake, kuma ba abin kunya ba ne, domin alkaluman da ya yi aiki da su a fili suke, kowa na iya dubawa ya ce ka yi daidai a nan, ka kuskure a can. Ya rasu a 2007 yana da shekara 54. Taskar alkaluman da ya fara tarawa har yau masana na amfani da ita, da sunansa ake kiranta.

To, ƙanena, ka ga jerin digiri da rubuce-rubuce ka yi sha'awa. Amma a ƙarƙashin kowane layi na wannan jerin akwai wasu mutane da ba wanda ya san sunansu, da suka tsaya cikin sanyi a kan jirgi suna auna tsawon kifi ɗaya bayan ɗaya, suna ciro ɗan ƙashin kunnensa don a ƙirga zoben da ke nuna shekarunsa. Da waɗannan sun zauna a ɗaki sun rubuta abin da suka ga dama, da Myers bai da abin faɗa. Kai da ake ba takarda ko waya a ce je ka ƙauye kaza, kai ne wannan mutumin.

Ku lura kuma, ba ƙarya kaɗai ke ɓata ƙidaya ba, har da son sauƙi. Jirgin bincike ba ya bin inda kifi ya yi yawa. Tun kafin a tashi ake zaɓen wuraren da zai jefa taru ta hanyar ƙuri'a, da taru iri ɗaya, na tsawon lokaci ɗaya, kowace shekara. In ya jefa ya fito wayam, a rubuta sifiri, domin sifirin ma labari ne. Wasu masana biyu, Michael Pennington da Jon Helge Vølstad, sun nuna a 1994 cewa kifayen da aka kama a jifa ɗaya kama suke da juna, saboda haka auna ɗaruruwa daga taru guda bai kai auna kaɗan-kaɗan daga wurare da yawa amfani ba. Ku ɗauko wannan ku aza kan aikinku. An ba ka gida ashirin a unguwanni daban-daban, sai ka zauna ƙofar maigari ka tambayi mutum ashirin da suka zo gaisuwa. Takarda ta cika, ba ka ƙirƙiri ko kalma ɗaya ba, amma muryar gida ɗaya ka kawo. Bazawarar da ke can ƙarshen gari, wadda aka fi bukatar a ji halin da take ciki, ba ta shiga lissafi ba.

Mu ba baƙin wannan magana ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, bai tsaya ga abin da ke saman tsibin ba, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Suratul Muɗaffifina kuma da azaba ta buɗe ga masu tauye mudu. Wanda ya karɓi kuɗin yini goma ya yi aikin yini shida, ya cike sauran da ka, ban ga abin da ya raba shi da mai tauye mudu ba.

Ba daga sama nake muku magana ba. Shekarun baya wani furoje ya tura ni bakin wani tafki in riƙa rubuta abin da masunta ke fitowa da shi kowace safiya. Kwana biyu ban je ba, na yi nauyin jiki, na duba na kwanakin baya na rubuta makamancinsa. Ba wanda ya gane. Aka biya ni cif. Daga baya na ga rahoton ya fito da tambari da sa hannu, alkalumana na ciki, an gina shawara a kansu. Wani dattijo masunci da ke kirana ɗana, yana ba ni kifi kyauta, a kansa da iyalinsa shawarar za ta sauka. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, kuma ba ni da hanyar cire waɗannan layuka biyu daga inda suka shiga.

Nijar ba ta da teku, amma tana da kogin Kwara da ya ratsa ta wajen kilomita 550, tana da ɓangarenta na tafkin Cadi, da Madarunfa, da Tabalak, da tafkuna birjik a Adar. Dattawan Yamai na tuna 1985, lokacin da kogi ya tsaya cak a gaban gari. Ka zauna da Sarkawa su ba ka labarin irin giwan ruwan da ake kamawa a zamanin iyayensu, ka kwatanta da wanda ake kawowa kasuwa yau. Wannan sani yana bakin tsofaffi, yana tafiya tare da su. Wanda zai ɗauki littafi da ma'auni ya zauna mashigi ɗaya shekara biyar, goma, yana rubuta gaskiyar abin da ya gani, shi ne zai riƙe abin da ba kowa ke da shi ba, kuma shi masana za su nema.

Saboda haka in an sake kiranku, ku kai ƙafarku gidan da aka rubuta muku, ko da a bayan dutse yake. In kun tarar ba kowa, ku rubuta ba kowa. In zazzaɓi ya kwantar da ku, ku kira shugaban tawaga ku gaya masa yau ba ku fita ba, ko da za a yanke kuɗin ranar. Ƙanen nan nawa ya ce an sa sunansa a wata fita bayan salla, ƙauyukan wajen Keita. Na ce masa ya zo ya karɓi babur ɗina, mai ma ni zan zuba masa.