Tsoffin ƙarafa da buhunan gawayi: fasahar da ya kamata matasan Zango su ɗauka da muhimmanci

A ganina, babu al'ummar da ta fi mutanen Zango kusanci da fasahar haɗa surori daga kayan da aka yar, amma kuma babu wadda ta fi mu yi mata kallon banza. Yaranmu ne suke tura baro lungu-lungu a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi a Ghana suna sayen tsoffin ƙarafa, maƙeranmu ne suke narka goran ruwa, wato alminiyum, su zuba tukwane, kuma da yawa daga cikin masu walda a Suame Magazine, unguwar makanikai, 'yan uwanmu ne. Kayan suna hannunmu, gwanintar tana hannunmu, sai dai kullum a sikeli muke sayar da su kilo-kilo.

Manyan masu wannan aiki da duniya ta sani kuwa a nan Kumasi wasunsu suka yi karatu. El Anatsui, wanda aka haifa a Anyako a 1944, ya fito daga sashen fasaha na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) kafin ya koma koyarwa a Nsukka ta Najeriya a 1975. Da murafun kwalabe yake aiki: ana baje su, a huda, a ɗaure da wayar jan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, har su zama wani makeken mayafi mai ƙyalli da yake rufe bango guda. A 2015 aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinariya a babban baje kolin Venice na Italiya. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale da aka haifa a 1987, shi ma a KNUST ya yi karatu, kuma da tsoffin buhunan koko ya yi suna, waɗanda bayan sun gama ɗaukar koko suke komawa ɗaukar masara da gawayi har su yage. Yana ba 'yan kasuwa sabbi ya karɓi tsoffin, a ɗinke su, a lulluɓe gine-gine da su. A Accra kuma Serge Attukwei Clottey yana yayyanka jarkokin ruwa masu ruwan ɗorawa, irin waɗanda kowane gida ya sani a lokacin ƙarancin ruwa, yana haɗa su da waya.

Abin da ya sa nake ganin aikin Mahama ya fi kusa da mu shi ne, bai wanke tarihin buhun ba. Tabon gawayin yana nan, facin da mai shi ya yi yana nan, har da sunan ɗan kasuwar da aka rubuta da fenti don kada kayansa su ɓata a tasha. Wanda ya taɓa yin dako a kasuwar Kejetia ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan aiki.

Na san abin da yake hana mutane da yawa, kuma ba na raina shi. Da an ambaci sassaƙa, zuciyar Musulmi gunki take tunawa, kuma malamanmu sun yi magana mai nauyi a kan ƙera siffar abu mai rai. To amma a duba ayyukan da na ambata: mayafin murafun kwalabe da bangon buhuna ba siffar mutum ba ne, ba kuma ta dabba ba. Launi ne da tsari da nauyi da yadda haske yake sauka a kai, wato dai abin da mai ɗinkin babbar riga da mai zanen bangon gidan sarki suka daɗe suna yi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da murafun kwalaben giya ba, irin waɗanda Anatsui ya fi amfani da su, ga gwangwanayen madara da na tumatir, ga sarƙar keke, ga tsohon kwanon rufi.

Sai dai kada wani ya ɗauka tara tarkace kawai ake yi a manne. Aikin yana da ilimi. Ƙarfe da goran ruwa ba sa haɗuwa da waldar yau da kullum, sai an huda an sa kusa ko noti. Tsatsa tana da kyau a ido, amma idan ba a kankare wadda ta ɓarɓashe an shafa abin da zai tsayar da ita ba, za ta ci gaba da cin ƙarfen har aikin ya zube. Roba tana bushewa ta tsage idan ta daɗe a rana, katako kuma sai an tabbatar gara ba ta shiga ba. Gindin aikin ya kamata a fara ƙerawa da ƙarfe mai kauri, domin abin da ya yi tsayi ba tare da nauyi a ƙasa ba, iskar farkon damina ta ishe shi. Akwai kuma kayan da bai kamata a taɓa ba ko da kyauta aka samu: tsohon batirin mota da ke ɗauke da darma, da kuma wayar da sai an ƙona robarta, wadda hayaƙinta ya daɗe yana cutar da matasa a Agbogbloshie, matattarar tsoffin ƙarafa a Accra, kafin a rushe wurin a 2021.

Abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyoyin matasa da sarakunan Zango shi ne su ware fili ko da ɗan ƙarami ne, a haɗa mai walda ɗaya da tela ɗaya da 'yan makaranta masu sha'awar zane, a gayyato ɗaliban sashen fasaha na KNUST su riƙa zuwa suna duba aikin. Jami'ar ba ta da nisa da Aboabo, kuma kayan aikin farko ba su wuce almakashin kwano da filaya da guduma da nadin waya ba.