Lambar jarumta a sojan Amurka: takarda ce ke yanke hukunci

A watan Oktoba 2005 bam ya tashi da motar sulken su Saje Alwyn Cashe kusa da Samarra a Iraƙi. Kakinsa jiƙe da man motar, wuta na cin jikinsa, haka ya riƙa komawa yana zaƙulo abokan aikinsa. Bayan makonni uku ya rasu. Lambar Silver Star aka ba shi, ta uku a daraja, ƙasa da Distinguished Service Cross. Ƙololuwar lambobin kuwa, Medal of Honor, sai a Disamba 2021 aka miƙa wa iyalansa, bayan shekara 16.

Wanda ya san yadda ake neman lambar ba zai yi mamaki ba. Wani ne zai cike fom mai lamba DA 638, ya haɗa da bayanan rantsuwa na waɗanda suka gani da idonsu, aƙalla biyu idan babbar lambar ake nema, da taswirar wurin da jerin yadda abin ya faru. Daga nan fayil ya kama hanya: bataliya, birged, manyan kwamandoji, sakataren sojan ƙasa, sakataren tsaro, har teburin shugaban ƙasa. A kowane mataki ana iya ba da shawarar a rage darajar lambar. Doka kuma ta yanka wa'adi: a gabatar da fayil cikin shekara 3, a ba da lambar cikin shekara 5. Idan ya wuce, sai Majalisa ta yi doka ta musamman, kamar yadda ta yi wa Cashe a 2020.

Matsalar ita ce, inda faɗa ya fi muni, nan shaida ta fi ƙaranci. Waɗanda suka ga abin da Cashe ya yi an kwashe su zuwa asibiti, wasunsu ba su tashi ba. Kwamandan bataliyarsa ya rubuta abin da ya sani a lokacin, daga baya da cikakken labarin ya iso masa shi da kansa ya shafe shekaru yana neman a ɗaga lambar. Kyaftin William Swenson kuwa, bayan gumurzun Ganjgal a Afganistan a 2009, fayil ɗinsa ɓata ya yi a hannun rundunar, sai 2013 ya karɓi tasa.

Akwai kuma son zuciya. Henry Johnson, sojan Amurka baƙar fata na rejimanti ta 369, ya fatattaki Jamusawan da suka kai masa hari cikin dare a Mayun 1918, har da wuƙa. Faransa ta karrama shi nan take. Ƙasarsa ba ta ba shi Medal of Honor ba sai 2015, shi kuwa tun 1929 yana kabari. A Yaƙin Duniya na Biyu babu baƙar fata ko ɗaya da aka bai wa Medal of Honor, sai a 1997 aka karrama mutum bakwai, Vernon Baker kaɗai ke raye.

Masu kare wa'adin suna da hujja. Tsufa na sauya labari, kuma an taɓa rabon lambar kamar gyaɗa, har a 1917 aka soke sunaye 911, mafi yawansu 'yan rejimanti guda ta jihar Maine. Amma tsantseni wajen tantance shaida daban, ɗora wa soja laifin ofis daban. A ganinmu, duk inda rundunar ce ta ɓatar da fayil ko ta kasa jin shaidu, bai kamata a ƙirga masa wa'adi ba. Ɗaukar bayanai kuma a ɗora shi a wuyan jami'in da ba na bataliyar ba, wanda zai bi waɗanda suka jikkata har gadon asibiti cikin makonnin farko, tun kafin a tarwatsa su zuwa barikoki daban-daban.