Sanfulawa ba ta bin rana har abada

Ana yawan yaɗa hoton furen sanfulawa da 'yar nasiha a ƙasa: wai ka zama kamarta, kullum fuskarka na kallon haske. Maganar na da daɗin ji, amma duk wanda ya kula da shukar nan daga tsiro har girbi ya san rabinta ce gaskiya. A ganina, in za a yi tafakkuri a kan wata halitta, to a fara da sanin ainihin abin da take yi.

Bin rana aikin ƙuruciyarta ne. Kafin kan ya buɗe, da hantsi za ka same ta ta fuskanci gabas, da la'asar sakaliya ta karkata yamma. Kara ne ke wannan aikin: da rana gefensa na gabas ya fi saurin tsawo, sai ya tunkuɗa kan zuwa yamma, da dare kuma gefen yamma ya karɓa ya maido shi. Stacey Harmer da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun bayyana haka a mujallar Science a 2016. Har sun kai shukar ɗakin da fitila ke kunne tsaye ba motsi, ta ci gaba da kai-komonta na 'yan kwanaki, domin akwai agogo a jikinta.

Juyawar daren nan ta fi ɗaukar hankalina. Bin rana alhali tana sama ba abin yabo ba ne, ko'ina haske ne. Amma a tsakar dare, babu ko alamar alfijir, shukar na komawa inda take sa ran hasken zai ɓullo, har ta riga shi isa. Mai neman misalin tuba, ko na kyautata wa Allah zato a lokacin ƙunci, ga shi nan a fili.

Da kara ya gama girma, yawo ya ƙare. Furen ya tsaya gabas, ba ya ƙara waiwaye. Wanda ya fuskanci gabas ya fi saurin ɗumi da safe, kuma a binciken nan ƙudan zuma da danginsu sun fi zuwar masa ninki biyar a kan wanda aka juya yamma. Wato amfaninta ga wasu bai kankama ba sai da ta zaɓi alƙibla guda ta tsaya. Masu cewa mutum ya yi ta neman kansa har tsufa, ban ga hujjarsu a jikin wannan shuka ba.

Kuma abin da muke kira fure ɗaya, taron furanni ne, ɗaruruwa har fiye da dubu. Rawayen fukafukan gefe da ake ɗauka a hoto ba sa yin ƙwaya ko ɗaya, aikinsu kiran ƙwari. Ƙananan na tsakiya, waɗanda ba a ko kallo, su ke zama iri da mai. Suna jere a murɗe, in ka ƙirga layukan sau da yawa za ka sami 34 ta hannu ɗaya, 55 ta ɗayan. Idan ƙwaya ta cika sai kan ya yi nauyi ya sunkuya ƙasa, kuma daidai lokacin ne masu hoto ke daina zuwa.

Wasu na cewa ajiye ta a ɗaki na jawo sa'a ko arziki. Wannan kam camfi ne, fure ba laya ba ne.

Mai son ganin duk wannan da idonsa, ya shuka da kansa. A binne iri zurfin santimita 2 zuwa 4, tazarar santimita 30 zuwa 45, a wurin da rana ke duka awa 6 zuwa 8. A shuka kai tsaye inda za ta zauna, don saiwarta doguwa ce mai nitsewa, dashe na tauye ta. Tana tsirowa cikin kwana 7 zuwa 10. Kada a cika takin da ke sa ganye, kara zai zuƙe ya yi laushi, iska ta kwantar da shi. Ruwa a jiƙa sosai sannan a bari saman ƙasa ya sha iska, in ya kwanta saiwa ruɓewa take. A kafa ɗan sanda a gefe don gane juyawar shukar, a duba ta da asuba, da azahar, da magariba, tsakanin mako na huɗu da na bakwai.

Girbi na zuwa wajen kwana 90 zuwa 120, idan bayan kan ya tashi daga kore ya yi rawaya, ya fara ƙasa-ƙasa. A rufe shi da ƙyalle mai shan iska saboda tsuntsaye, banda leda, tana tara gumi ƙwaya ta yi fumfuna. In irin aure aka saya, wato wanda aka samar ta haɗa iri biyu, ƙwayar da aka ajiye ba lallai ta fito kamar uwarta ba a shekara mai zuwa.