Kafin ka zaɓi ƙasar da za ka je musayar karatu

Idan aka ce wa ɗalibin jami'a a Kaduna ga damar fita waje ya yi zango ɗaya ko biyu ya dawo, abin da zai fara tambaya shi ne wace ƙasa. Amurka ce ko Ingila? In ka ce masa Poland ko Ghana sai ka ga jikinsa ya yi sanyi. Ni dai a ganina an yi gaggawar wannan tambaya, kuma ita ce ke jawo wa yaranmu asarar lokaci da dukiya. Kamata ya yi ɗalibi ya fara da tambayar wane sashe zai shiga a can, me za a koya masa, kuma in ya dawo, jami'ar jihar Kaduna (KASU) ko ta Ahmadu Bello (ABU) za ta lissafa masa abin da ya karanto?

Musayar ɗalibai daban take da tafiya neman digiri. Rajistarka tana nan gida, digirin da za ka karɓa na gida ne, 'yan watanni za ka yi, in ya yi yawa shekara, ka dawo cikin 'yan ajinku. Don haka amfanin tafiyar gaba ɗaya a kan takarda guda yake rataye. A shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, wanda ya buɗe ƙofa ga ɗaliban ƙasashen da ba na Turai ba, akwai yarjejeniyar karatu da mutum uku ke sa wa hannu tun kafin a tashi: ɗalibin, jami'arsa ta gida, da jami'ar da za ta karɓe shi. A cikinta ake rubuta kwasakwasan da zai ɗauka a can da waɗanda za su maye gurbinsu a nan. Su Turawa lissafinsu na nauyin kwasakwasai maki 60 ne a shekara, 30 a zango, mu kuma namu lissafin daban. Dole sai wani ya zauna ya daidaita su, kuma shugaban sashenku ya amince a rubuce. Alƙawarin baki ba ya aiki a nan, domin shugaban sashe yana iya canzawa kafin ka dawo, wanda ya gaje shi kuma takarda zai nema.

Ga kuma matsalar kalanda, wadda kusan kowa ke mantawa da ita. Yawancin jami'o'in Turai a Satumba ko Oktoba suke buɗe zangon farko, kuma ba sa gocewa. Mu kuwa yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya hargitsa jadawalin jami'o'i da dama. Sai ka tafi zango ɗaya a can, ashe ya faɗo rabi a zangonmu na farko rabi a na biyu. Ka dawo ka tarar jarrabawa biyu sun wuce ka, abokanka sun tafi bautar ƙasa, kai kana ƙarin shekara. Masu karatun likitanci da lauya da haɗa magunguna su fi kowa taka-tsantsan, saboda bayan jami'a akwai hukumomin sana'arsu da ke da nasu sharuɗɗan.

In an gama da takarda, sai a duba inda ilimin yake. Ɗalibin aikin gona a Samaru, me zai je yi a Landan? Wageningen ƙaramin gari ne a ƙasar Holan, da yawa cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba, amma jami'arsa tana sahun gaba a duniya a fannin noma. Wanda bincikensa a kan gero ne ko dawa ko gyaɗa, cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT tana kusa da Hyderabad a Indiya, tana kuma da tasha a Sadore kusa da Yamai, inda ƙasa da damina suka yi kama da namu. Mai karatun Faransanci ya san ƙauyen koyon harshe na Badagry, to Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ma Faransanci ake karatu da shi daga safe har yamma, ga Maraɗi nan da ake zuwa a mota ta Katsina da Jibiya. Abin yana yi mini ciwo yadda muke raina maƙwabta, alhali ɗalibin da ya yi zango a jami'ar Legon ta Ghana ko Makerere ta Uganda yakan dawo da abin da zai yi aiki da shi kai tsaye. Har ɗalibin sashen Hausa yana da wurin zuwa, don ana koyar da Hausa a jami'o'in Hamburg da Warsaw.

Maganar kuɗi kuwa, iyaye, da ku nake. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma iyalai da yawa da suka yi lissafi da tsohon farashi sun sha wuya. A musaya ta gaskiya yaro ba ya biyan kuɗin makaranta a can, to amma haya da abinci da inshorar lafiya da tikiti fa? Jamus, wadda ake yawan cewa karatu kyauta ne, tun daga Satumbar 2024 tana neman ɗalibi ya nuna yuro 992 na kowane wata kafin a ba shi biza, sai dai in yana da tallafin da ya ɗauke masa wannan. Ku tambayi ɗan canji nawa ke nan. Ko da tallafi, kuɗin ba lallai ya shigo ranar da aka sauka ba, mai gida kuma kuɗin ajiya yake so kafin ya miƙa makulli. Tun a gida ma an fara kashewa: fasfo, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, wani lokaci har Legas don ganawar biza. Ban yarda a sayar da gona ko fili saboda zango ɗaya ba. In tallafin bai ɗauki nauyin yawancin tafiyar ba, a haƙura a nemi wani.

Sai zaman lafiya. Mun ga yadda ɗalibanmu suka yi ta gudu zuwa iyakokin Poland da Romaniya da Hungary a Fabrairun 2022 lokacin da yaƙi ya ɓarke a Yukren. Mun ga na Sudan a Afrilun 2023, yaranmu na Arewa da yawa, a motocin bas cikin hamada suna jiran a buɗe musu iyakar Masar. Babu mai sanin gaibu sai Allah, amma ana iya duba ko Najeriya tana da ofishin jakadanci a ƙasar, da kuma halin da siyasarta ke ciki. Arewacin Saifurus, alal misali, Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, kuma tun 2020 shugabar hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye a kanta. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Duk ejan ɗin da ya ce ka biya shi ya samo maka gurbin musaya, ka tambaye shi yarjejeniyar da ke tsakanin jami'arku da waccan. Musaya tsakanin jami'a da jami'a ake yin ta, ba a shago ba.

Addini da yanayi ma abin lissafi ne, kada a ji kunyar sa su a ma'auni. A Turkiyya da Malesiya da Maroko ba za ka yi wahalar masallaci ko naman halal ba. A Faransa ɗaliba tana shiga jami'a da hijabinta, amma tun 2011 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a, mai sa niƙabi ta san da wannan tun daga gida. A Stockholm cikin Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe uku, kuma wanda hunturun Kaduna ke sa shi ƙin wanka da asuba ya yi wa kansa adalci. Ga iyayen 'ya'ya mata, ina roƙon kada ku rufe ƙofar tun kafin ku ji bayani. Ku tambayi inda za ta kwana, ko akwai masaukin mata, wa zai tarbe ta a filin jirgi, ku nemi lambar wata 'yar Arewa da ta riga ta zuwa ku yi magana da ita da bakinku.

Jami'o'inmu na jihar nan su ma da aiki a gabansu. Ana rattaba hannu a kan yarjejeniyoyi da jami'o'in waje, a ɗauki hoto, amma ɗalibin aji biyu daga Rigasa ko Kafanchan ba ya jin labarin gurbi sai wa'adin nema ya wuce. A liƙa jerin jami'o'in a allon kowane sashe, da ranar rufe karɓar takardu, da kwasakwasan da majalisar jami'a ta riga ta amince za a lissafa wa wanda ya je.