Wasan neman akwatin ɓoye ya cancanci izini a gandun daji

A ganina, masu kula da gandun daji da filayen da aka keɓe domin kare tsirrai da namun daji suna tafka kuskure idan suka hana wasan neman akwatin ɓoye, wanda Turawa ke kira letterboxing, domin da wuya a sami abin da zai sa yaro ɗan shekara bakwai ya yi doguwar tafiya a ƙasa tare da iyayensa ba tare da ƙunƙuni ba kamar wannan wasa.

Wasan ya samo asali ne a shekarar 1854 a yankin Dartmoor da ke kudu maso yammacin Ingila, lokacin da wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wata fadama mai wuyar zuwa, domin duk wanda ya isa wurin ya bar katin sunansa. Daga baya baƙi suka riƙa barin wasiƙa, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. Wasan bai bazu a Amurka ba sai bayan da mujallar Smithsonian ta ba da labarinsa a 1998.

A yau akwatin ɗan ƙarami ne da ruwa ba ya shiga, a cikinsa akwai hatimin roba da ɗan littafi. Iyali kan je da nasu hatimin da tawada da littafinsu, idan sun gano akwatin su buga hatiminsa a littafinsu, su buga nasu a littafin akwatin, sannan su mayar da shi yadda suka same shi. Abin da ya fi burge ni shi ne kwatancen wurin da aka ɓoye akwatin, wanda kan zo kamar kacici-kacici: a tsaya a gindin itacen da ya rabu gida biyu, a fuskanci gabas, a yi taku ashirin, a leƙa bayan faffaɗan dutse. Dole yaro ya ɗaga kai ya bambance wannan itace da wancan, ya san gabas da yamma, kuma sau da yawa ƙaramin cikinsu ne ke fara hango wurin, tunda idonsa ya fi kusa da ƙasa. Shi ya sa na fifita shi a kan ɗan'uwansa geocaching, wanda ya ɓullo a 2000, inda mai nema kan ƙura wa na'urar GPS mai nuna wuri ido har ya isa.

Masu adawa ba su rasa hujja ba. Idan jama'a suka yi ta tururuwa zuwa wuri ɗaya, ciyawa kan mutu, sabuwar hanya ta ɓulla inda ba a so, wani kuma ya rushe tsohuwar katanga ko ya firgita tsuntsuwa a kan ƙwanta. Sai dai maganin wannan ƙa'ida ce, kuma 'yan Dartmoor sun daɗe da tasu, wadda ta hana ajiye akwati a wuraren tarihi ko inda za a takura wa dabbobi. Abin da ya dace shi ne a nemi izinin mai filin, a ajiye akwatin dab da hanyar da aka riga aka shata, kada a tona rami, kuma wanda ya ajiye shi ya riƙa zagayowa yana duba shi, ya ɗauke shi da zarar sawu ya fara yi wa wurin yawa.