Ranar Da Na Auna Zazzaɓin Kwamfutata

Tun da aka ɗora mini sakatarcin ƙungiyar manoman ƙauyenmu a ƙasar Ringim, nake aiki da wata kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya ta hannu, wadda ɗan yayana mai karatu a Dutse ya sa wa Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Duk hunturu lafiya lau muka zauna da ita, amma da bazara ta kankama a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, sai ta tsiri ɗabi'ar ɗauke wuta da kanta ana tsaka da lissafin buhunan taki, ko sallama babu.

Da na buga wa yaron waya, ya ce, "Baffa, zafi ke damunta, amma ba a ba da magani sai an auna." Na hau tudun bayan firamare inda sabis ke kamawa, na sauko da manhajar lm-sensors mai auna zafin cikin kwamfuta, na rubuta sensors-detect kamar yadda ya faɗa, ita kuwa ta shiga jero mini tambayoyi da Turanci ina danna Enter har ta gaji ta yi shiru. Da na koma gida na rubuta sensors, layin farko mai suna acpitz ya nuna 27.8 a ma'aunin Salshiyas. Na yi hamdala, na shaida wa uwargida cewa cikin na'urar nan ya fi ɗakinmu sanyi nesa ba kusa ba. Ta ce, "To Malam, ai sai mu kwashe shimfiɗa mu koma ciki."

Da na faɗa wa ɗan yayana, sai da ya gama dariya sannan ya bayyana mini cewa a wasu kwamfutoci wannan lamba a kafe take, ba ta motsi ko da rana ko da dare, kuma abin dubawa shi ne sashen coretemp, wanda ke karanto zafi daga cikin ƙwaƙwalwar Intel kanta. Na duba na ga 96, a gefensa kuma an rubuta cewa iyakarta 100 ce, wato inda ruwa ke tafasa. Idan ta kusanci wannan iyaka takan rage gudu da kanta, idan abin ya ƙi ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ashe baiwar Allah neman tsira take yi, ni kuwa ina ta zaginta.

Muka juya kan fankar da ke cikin kwamfutar mai sanyaya ta. Na rubuta pwmconfig, umarnin saita gudun fanka, ta amsa cewa ba ta ga fankar da za ta iya juyawa ba. Dalili shi ne, a irin waɗannan kwamfutoci akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa ta daban mai kula da fanka da cajin batir da madannai, wadda ba ta karɓar umarni sai an samu manhajar da ta san yarenta. Masu kwamfuta ƙirar ThinkPad suna da thinkpad_acpi, masu Dell suna da dell_smm_hwmon, tawa kuwa ba ta cikin dangin ko ɗaya.

Tunda fankar ciki ta ƙi jin magana, sai na ɗauki ta waje. Na ɗora kwamfutar a kan murfin randa, na miƙa wa autana mafici, na rubuta watch sensors, wanda ke sabunta lambobin duk bayan daƙiƙa 2. Idan ya dage da fifita lambar ta sauka zuwa 92, da zarar ya sassauta ta haura, har ya zamana ina kama lalacinsa ba tare da na ɗago kai ba. Kafin la'asar ya gane muhimmancin muƙaminsa, ya ce ba zai ci gaba ba sai da kuɗin ƙosai.

Ranar kasuwa na kai ta wurin mai gyaran waya. Yana kwance murfin ƙasa muka tarar fankar lafiyarta ƙalau, tana ta juyawa tun tuni, sai dai ƙurar hunturu ta dunƙule a bakin mafitar iska kamar audugar katifa, kuma a daidai ƙofar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka, har da yaɓe. Ya kankare da tsinke, ya share da tsohon buroshin haƙori, ya shafa sabon man da ke kai zafi daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙarfen sanyaya ta, lambar ta dawo wajen 60.

Labari kuwa ya riga ya zaga gari. Washegari da sassafe wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta yi sallama riƙe da jikanta, ta ce an ce ina da na'urar gane zazzaɓi. Na yi bayani iya bayani, ta ƙi yarda, ta kama hannun yaron ta ɗora a kan madannai, ta ce in karanto layin farko. Na karanto mata 27.8. Ta taɓa goshinsa ta ce, "Ɗan nan, maƙaryaciya ka sayo, yaron nan jikinsa zafi rau." Ban yi musu ba, na tayar da babur muka nufi asibitin sha-ka-tafi.