Baƙin mai ba ya maganin ƙazuwar kare

Da zarar gashin kare ya fara zuba, fatarsa ta yi ɓawo yana ta susa, sai wani ya ce a samo baƙin mai wajen bakanike a shafe shi. Wai yana kashe cutar. Ba ya yi.

Ƙazuwa ba datti ba ce da za a lulluɓe. Wani ƙaramin ƙwaro ne ke kawo ta, wanda ido ba ya gani, mai suna Sarcoptes. Macen kan haƙa rami cikin fata ta zuba ƙwai, cikin kusan mako 3 'ya'yan sun girma su ma sun fara haƙa. Man da aka shafa a sama ba ya kai wa ga ƙwan. Abin da yake yi kawai shi ne ƙona fatar da susa ta riga ta yi wa rauni, kare kuma ya lashe, gubar ta shiga cikinsa. Idan kyanwa aka shafa wa, ta fi shan wahala, don ita kullum cikin lasar jiki take.

Likitan dabbobi zai kankare fatar kaɗan ya duba a madubin likita, domin akwai wani nau'in, Demodex, da ke zama a gindin gashi, kuma maganinsa ya fi ɗaukar lokaci. Ga nau'in Sarcoptes, sau da yawa ana amfani da wani magani mai suna ivermectin, gwargwadon nauyin dabbar, a maimaita bayan mako 2. A wanke tsumman da take kwana a kai da ruwan zafi, a duba sauran karnukan gidan. Nau'in farkon yana iya kama mutum, yara masu wasa da kwikwiyo su fara susa a hannu da ciki.